Bindigar Cikin Kwamfuta a Garin da Ya Gaji da Jin Harbi

Na san akwai mai karatun da zai ga kan wannan rubutu ya girgiza kai, ya ce a halin da ƙasar Zamfara take ciki, mutumin Shinkafi ya rasa abin da zai ɗauki alƙalami a kansa sai wasan kwamfuta. Ina roƙon irin wannan mai karatu ya yi haƙuri ya bi ni zuwa ƙarshe, domin ni ma da irin tunaninsa na fara.

A daminar bara, wata rana bayan sallar isha'i, ɗan yayata ya same ni a zaure ina duba takardun ɗalibai da hasken tocila. Yaro ne ɗan shekara 17, ya gama sakandare yana jiran sakamako. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya daɗe yana juya wayarsa a hannu, sannan ya ce, "Kawu, so nika in haɗa gem nawa na kaina, irin wanga na harbi. Wace manhaja ta fi sauƙi ga mai koyo?" Ya nuna mini Free Fire a wayar, wasan da kusan duk matashin da ke zama a shagon caji ya sani. Ya ce shi ya fi son irin wanda ba ka ganin jikinka, sai hannunka da bindigar da ke ciki, kana kallon duniya ta idon mai harbin.

Ya zo wurina ne saboda na yi karatun kwamfuta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda, kuma a danginmu duk abin da ya shafi na'ura ni ake turo wa. Ban ba shi amsa a daren ba. Na ce ya je, zan yi tunani.

Washegari mahaifiyarsa ta aiko a kira ni. Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. Ta ce, "Malam, na ji abin da wanga yaro ya zo maka da shi. Bindigar da munka gani da ido ba ta ishe mu ba, sai an kawo muna ita cikin ɗaki?" Ban iya yi mata musu ba. Gonar mahaifinsa tana nesa da gari, damina biyu ke nan ba a taka ta ba. Hanyar Kaura zuwa Shinkafi, wadda a da muke bi ko da dare, yanzu sai an tambayi labarinta kafin a hau mota. Kasuwar Alhamis da ta yi suna har cikin Nijar ta sha fama. Ba gida ɗaya ba ne a unguwarmu da aka taɓa haɗa kuɗin fansa. Duk wanda ya rayu cikin wannan, yana da haƙƙin ƙin jin ƙarar bindiga ko da ta wasa ce.

Amma na ce mata, "Yaya, dubi sa'o'insa." Wasu sun tafi ramukan haƙar zinare, wasu sun gangara Kudu suna acaɓa da turin baro, wasu sun shiga aikin sa-kai suna kwana a bakin gari da bindigar toka, wasu kuma ba a son a tambayi inda suke. Yaron da ba gona, ba makaranta, ba sana'a, wuninsa fili ne da kowa ke iya shuka abin da ya ga dama a ciki. Ga shi ya zo da ƙafarsa yana neman ya koyi abu mai wuya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma mai tanƙwarawa sai ya riƙe iccen tukuna. Idan na kore shi, ba zai daina wasan ba, koyon ne kawai zai daina. Ta yi shiru, can ta ce, "To, amana ce na ba ka."

A kan tsoron cewa wasan harbi yana mai da yaro mai kisa, na gaya mata abin da na sani. A 2020 ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta bayyana cewa akwai 'yar alaƙa tsakanin irin waɗannan wasanni da zafin rai, kamar faɗa da tsawa, amma babu isasshiyar hujjar da za a ɗora musu laifin kashe-kashe. Mu ma shaida ne cewa waɗanda suka hana mu noma ba a gidan gem suka koyi harbi ba. Kuma tun muna yara muke sassaƙa bindigar kara muna rabuwa gida biyu a bayan gari. Sai dai akwai wani haɗari na daban wanda a lokacin ban hango shi ba, zan zo kansa.

Bari in fara da bayanin abin da yaron yake tambaya. Mai haɗa wasa ba ya farawa daga babu. Akwai manhajar da ake kira injin wasa, wadda ta riga ta san yadda ake zana ɗaki mai tsawo da faɗi da zurfi a kan allo, da yadda abu ke faɗuwa ƙasa, da yadda jiki ke cin karo da bango ya tsaya, da yadda sauti ke ƙaruwa idan ka matso. Kamar mai gini ne da ya tarar an buga masa tubali an kwaɓa ƙasa, saura tsarin gida. Wasan harbi na ganin ido ya yi ƙarfi ne da Wolfenstein 3D a 1992 da kuma Doom a Disambar 1993, duka daga wani ƙaramin kamfani na Amurka mai suna id Software, inda John Carmack ya rubuta injin. Tun daga nan aka gane cewa injin daban, wasan da aka ɗora a kansa daban, kuma ana iya ba wani injin ya gina nasa.

Matsalar ita ce, yawancin shawarwarin da yaro zai tarar a YouTube an yi su ne domin wanda ke da wuta dare da rana, da intanet marar iyaka, da kwamfutar da kuɗinta ya kai na fili. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Don haka muka zauna ni da shi, na sa ya rubuta ma'aunanmu a bayan littafi kafin mu ambaci sunan kowace manhaja.

Na farko, na'urar da muke da ita. Tsohuwar laftof ce ta hannu, ƙwaƙwalwar aikinta gigabait 4, ba ta da katin hoto na musamman, batirinta ba ya wuce awa ɗaya da rabi. Na biyu, nauyin saukewa, domin data da kuɗi ake saye, kuma a farkon 2025 an amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin 100. Na uku, ko manhajar za ta yi aiki ba tare da sabis ba. Wannan ma'auni mutumin Zamfara ba ya bukatar a yi masa bayaninsa. A farkon Satumbar 2021 an rufe layukan sadarwa a faɗin jihar bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, aka kuma rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka. Mun yi makonni masu yawa sai mutum ya yi tafiya mai nisa kafin ya kira ɗan'uwansa. Abin da ya faru sau ɗaya yana iya sake faruwa. Na huɗu, sharaɗin mallaka: wa ke da iko da kayan aikin, kuma zai iya sauya magana gobe? Na biyar, wahalar yaren da ake rubuta umarni da shi ga wanda Turancinsa na sakandaren gwamnati ne.

Muka fara da wadda ransa ya fi so, wato Unreal Engine ta kamfanin Epic Games. Ita ce aka gina PUBG da Fortnite a kanta, kuma asalinta ma daga wasan harbi ne mai suna Unreal na 1998. Tana da kyau ƙwarai. Da ka buɗe ta akwai samfurin wasan ganin ido a shirye, kana iya tafiya kana tsalle tun kafin ka rubuta komai. Tana da tsarin Blueprints, inda ake haɗa akwatuna da zare a maimakon rubuta umarni. Kyauta ce har sai wasanka ya kawo dala miliyan 1, sannan su karɓi kashi 5 cikin 100 na abin da ya haura. Amma nauyinta gigabait gommai ne, kuma tana son katin hoto mai ƙarfi da ƙwaƙwalwa ninkin ba ninkin tamu. Ɗora ta a kan laftof ɗinmu kamar ɗora wa jaki kayan raƙumi ne. Na ga fuskarsa ta canja lokacin da muka ja mata layi, na ce masa ba saki muka yi ba, jingine ta muka yi sai hali ya samu.

Sai Unity, wadda aka fara a ƙasar Denmark ta fito a 2005. Da ita aka yi Free Fire ɗin da ke hannunsa, da Call of Duty na waya. Ta fi kowace yawan darussa a intanet, kuma ga mai neman aiki a kamfani wata rana, iya ta jari ne. Ana rubuta umarninta da yaren C#, wanda yake da tsari amma yana da tarin ƙa'idoji da ke gajiyar da mai koyo. Nauyinta gigabait da yawa ne, kuma sai ka yi rajista ka shiga ta intanet kafin a ba ka lasisin kyauta. Laftof ɗinmu za ta iya ɗaukarta, amma da nishi.

Akwai kuma wani darasi a tarihinta. A Satumbar 2023 kamfanin ya wayi gari ya sanar cewa zai riƙa karɓar kuɗi, har zuwa senti 20, a kan kowace saukewa ta wasan da ya wuce wani mizani na ciniki da yawan masu saukewa. Masu haɗa wasanni a duniya suka yi ca, shugaban kamfanin John Riccitiello ya sauka a Oktoba, kuma a Satumbar 2024 aka soke tsarin gaba ɗaya. Gaskiya ne cewa yaron Shinkafi da bai sayar da wasa ko na sisi ba, wannan kuɗi ba zai taɓa shi ba. Amma na so ya fahimci maganar Bahaushe cewa kayan aro ba ya rufe katara. Wanda ya ara maka gatari yana iya zuwa karɓa ranar da ka fi buƙatarsa.

Roblox Studio ba mu daɗe a kanta ba. Tana da sauƙi, amma sai da intanet, kuma abin da ka gina yana zaune ne a cikin gidansu. Ta faɗi a ma'auni na uku da na huɗu lokaci guda. GDevelop kuwa, wadda wani Bafaranshe mai suna Florian Rival ya ƙirƙira, ta burge ni. Ba a rubuta umarni a cikinta, sai dai ka jera sharaɗi da sakamako: idan an danna kaza, a yi kaza. Kyauta ce, ba ta da nauyi, har a waya ana iya aiki da ita. Ƙarfinta dai ya fi yawa a wasannin shimfiɗe, domin sai a 2023 ta fara ɗaukar masu zurfi. Ga ƙanensa ɗan shekara 11 ita na zaɓa, tare da Scratch.

Na kuma nuna masa wata tsohuwar hanya da mutane ke rainawa. A ƙarshen 1997 id Software ta saki rubutun injin Doom ga duniya. Daga nan aka samu GZDoom, da Freedoom wanda kayan wasa ne na kyauta, da manhajar zana ɗakuna mai suna Ultimate Doom Builder. Da waɗannan, a yini ɗaya yaro zai zana tsakar gida da lunguna, ya shiga ya yi yawo a ciki, a kan kwamfutar da ta tsufa. Mako biyu ya yi a nan, ya koyi abin da babu injin da zai koya maka: inda ake sa ƙofa, inda ake ɓoye abu, yadda ake jan ɗan wasa zuwa gaba ba tare da an yi masa magana ba.

A ƙarshe muka tsaya a kan Godot. Wasu 'yan Ajantina biyu ne suka fara ta, Juan Linietsky da Ariel Manzur, aka sake ta ga kowa a 2014 da lasisin da ya ba ka damar amfani da ita, da sayar da abin da ka yi, ba tare da biyan kowa ko kwabo ba. Zubi na 4 ya fito a Maris na 2023. Ba ta kai megabait 200 ba, ba a ma girka ta, fayil ne da za ka ɗora a filash ka buɗe a kowace kwamfuta. Ba ta neman rajista, ba ta neman sabis, kuma ana iya sauke littafin bayaninta a ajiye. Tana da yanayin zane na musamman domin na'urori marasa ƙarfi, wanda shi muka kunna, kuma wanda tasa ta fi tamu tsufa yana iya komawa zubi na 3. Har akwai wadda ake ɗorawa a wayar Android. Yarenta, GDScript, ya yi kama da Python, gajerun layuka ne da ake iya karantawa.

Kada in yi mata ado fiye da kima. Darussanta ba su kai na Unity yawa ba, kuma wasu na tsohon zubi ne, sai yaro ya kwafa ya ga ba ya aiki ya ɗauka shi ne daƙiƙi. Hotonta ba zai kai na Unreal ba. Guraben aikin da ke neman masu iya ta kaɗan ne. Ranar da muka so mai da wasan ya zama na waya, sai muka tarar akwai wasu kayan haɗi da dole a sauke, waɗanda suka ninka injin nauyi sau da yawa, har sai da na je Gusau wata hidima na sauko da su. Amma daidai ruwa daidai tsaki. Manhajar da ta fi dacewa da mai koyo ita ce wadda za ta buɗe a kan na'urarsa yau, kafin batiri ya mutu da kuma kafin zuciyarsa ta karaya.

Abin da ya biyo baya shi ne ya tabbatar mini ban yi kuskuren karɓar amanar ba. Ya gano cewa ɗan wasan da yake jin kamar jarumi, a cikin injin wani dogon ƙwai ne kawai da aka ɗaura wa kyamara a daidai tsayin ido. Ya gano cewa a yawancin irin waɗannan wasanni ba harsashi ke fita ba, wani miƙaƙƙen layi ne marar ganuwa injin ke ja daga tsakiyar allo, ya tambaya me ya fara taɓawa, sai a rage wa abin lamba. Rai lamba ce, 100, kowane harbi a cire 20. Ya gano cewa injin yana sake zana duniyar sau 30 ko 60 a kowace daƙiƙa, kuma idan bai lissafa tafiya da lokaci ba, ɗan wasansa zai fi gudu a kwamfuta mai ƙarfi. Yaron da ya tsani lissafi a aji, na same shi yana tambayata yadda ake gane kusurwa tsakanin layi biyu, domin yana son abokin gaba ya gan shi idan yana gabansa kawai. Turancin da ya gagare shi a littafi, ga shi yana bin sa kalma kalma saboda yana son ƙofa ta buɗe. Duk wannan da cajin naira ɗari biyu a shagon mai sola, da littafin rubutu da yake tsara umarni a ciki idan batiri ya ƙare.

Sai muka zo kan abin da ban hango ba. Wasan harbi yana buƙatar wanda za a harba. Injin ba ya tambayar ko wane ne, abin da yake nema shi ne saurinsa nawa, ransa nawa, ɓarnarsa nawa, da kuma lokacin da zai daina sintiri ya biyo ka. Fuska da tufafi kuwa mai wasan ke sa su. Wata ranar Juma'a ya kira ni da murna in ga abokin gaban da ya sassaƙa a Blender. Na duba, sai na ga siririn mutum da malafa da sanda a kafaɗa. Na duba sunan fayil ɗin, sai na ga sunan ƙabila ya sa masa.

Jikina ya yi sanyi. Ban yi masa tsawa ba, domin na san inda abin ya fito. Abokinsa na ƙut-da-ƙut ya yi kwana arba'in da wani abu a daji, ya dawo ba ya iya haɗa ido da mutane. Na tambaye shi, "Ka san kakata, wadda ta haifi kakarka?" Ya ce ya ji labarinta. Na ce Bafulatana ce daga ƙasar Zurmi, da nonon shanun danginta aka yi renon uwarsa. Na tuna masa cewa Namoda, wanda Kaura ke amsa sunansa, Bafulatani ne. Na ce masa waɗanda suka riƙe abokinsa azzalumai ne, babu mai wanke su, amma akwai rugagen da aka kore wa shanu tun kafin a taɓa garuruwa, akwai kuma waɗanda aka kashe a hanyar kasuwa ba su ji ba su gani ba, saboda kamanninsu kawai. Wannan ramuwa a kan wanda bai yi ba tana cikin abin da ya hura wutar da muke ciki.

Na ce masa, "Wasanka ba zai tsaya a laftof ɗin nan ba. Za ka tura wa aboki, ya tura wa wani, har ya kai hannun yaro ɗan shekara takwas, wanda zai harbi wannan malafa sau ɗari a yini, ana ba shi maki. Wannan karatu ne kake shirya masa, kuma kai ne malamin." Ya ce, "Kawu, ai gem ne kawai." Na ce da gem ne kawai, da bai kwana uku yana gyara malafar ba. Ya rufe laftof ya fita bai yi mini sallama ba.

Kwana shida bai zo ba. A ciki na aika masa labarai biyu ta waya, ban ƙara komai ba. Ɗaya na Lual Mayen ne, ɗan Sudan ta Kudu da ya tashi a sansanin 'yan gudun hijira a arewacin Uganda, wanda mahaifiyarsa ta yi shekara uku tana tara dala 300 ta saya masa laftof, ya koya wa kansa, ya haɗa wasa mai suna Salaam a kan tsira da zaman lafiya. Ɗayan kuma na This War of Mine ne, wanda wasu 'yan Poland suka fitar a 2014, inda ɗan wasa ba soja ba ne, farar hula ne mai neman abinci da magani a garin da aka yi wa ƙawanya.

A rana ta bakwai ya dawo, ya buɗe laftof ba tare da dogon bayani ba. Na ga gonar gero ta fitar da kai, na ga hannu riƙe da danƙo, ga garken jan-baki yana saukowa daga gabas. Aikin ɗan wasa shi ne ya kore su kafin su cinye zangarniya, yana harbi da tsakuwa, yana kuma jan igiyar gwangwanaye idan sun yi yawa. Gonar mahaifinsa ce ya zana, har da tsamiyar da ke bakin iyaka, wadda rabonsa da ganinta shekara biyu. Ya ce, "Kawu, ka san bindiga ta fi sauƙin haɗawa? Ita layi guda ne. Tsakuwa kuwa sai na lissafa nauyinta da yadda taka lanƙwasa ta faɗo." Na ce na sani, ba a cikin kwamfuta kaɗai ba.

Ba zan ce ya bar wasan bindiga ba, domin bai bari ba. Yana nan yana gina shi, sai dai abokan gaban yanzu wasu mutum-mutumin ƙarfe ne marasa fuska da ya samo cikin kayan kyauta, kuma ya goge wancan fayil da hannunsa. Wasan gonar ma cike yake da kura-kurai, wani lokaci tsuntsu ya maƙale a cikin tsamiya ya ƙi fita. Amma ranar da ya ɗora shi a wayar mahaifiyarsa, ta riƙe ta ta daɗe tana kallon gonar, ba ta harba ko tsakuwa ɗaya ba, sannan ta ce ya manta da rijiyar da ke kudu. Washegari ya sa rijiyar.

Ga matashin da ke da irin wannan buri, shawarata ita ce ka fara auna na'urarka da aljihunka kafin ka saurari masu yabon manhaja. Idan na'urarka mai rauni ce, ko waya kawai gare ka, ka kama Godot ko GDevelop. Idan kana da mai ƙarfi da sabis mai ɗorewa kuma kana hangen aikin kamfani, Unity ko Unreal ba laifi. Ka riƙe guda ɗaya na wata shida, kada ka riƙa tsalle, domin abin da ka koya a ɗaya zai bi ka zuwa sauran. Ka fara da ɗaki ɗaya da ƙofa ɗaya, ka gama shi. Ka manta da wasan da mutum hamsin za su shiga ta intanet, wannan aikin ƙungiya ne. Ka ajiye kwafin aikinka a filash biyu. Kada kuma wasa ya ci maka salla ko aiken iyaye.

Ga iyaye, ku leƙa ku ga abin da yaro ke ginawa, ku tambaye shi wane ne yake harbi. Ga malamanmu na Kaura da na sakandarorin Shinkafi da Zurmi, filash guda mai ɗauke da waɗannan manhajoji na kyauta da littattafansu ya isa ya buɗe aji, ko da sabis ko babu. A Legas akwai Maliyo Games tun 2012, a Kamaru kuma Kiro'o Games ta fitar da Aurion a 2016 da labarin da ya tsiro daga al'adun Afirka. Mu da muke da dambe da langa da dara da tatsuniyoyin Gizo, ba mu rasa abin ginawa ba.

Har yanzu ba a koma gonar ba. Yaron ya samu sakamakonsa, yana neman gurbin karatu a Kaura, kuma kullum idan za a yi tafiyar sai mun tambayi labarin hanya. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan musiba, Ya sako waɗanda ke hannu, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya nuna mana ranar da yaranmu za su kori tsuntsu a gonar gaske. Amin.

Daga Shinkafi, Jihar Zamfara.